Filin Manoma: Majigin Aljihu Da Yadda Za A Ci Moriyarsa

Damina ta yi sallama, hankalin manoman Kura da Bunkure da Garun Malam ya koma kan aikin rani. Wani na gyaran fangali, wani na renon tumatir, wani kuwa na jiran sanyi ya sauka ya shuka alkama. To, a wannan mako za mu yi magana a kan wani sabon abin aiki wanda ba ya taɓa ƙasa, amma yana iya cika rumbu, yana kuma iya kwashe shi. Abin nan kuwa shi ne hoton bidiyo mai koyar da sana'a, wanda a ke kallo a waya ta hanyar intanet.

Yau da wuya mutum ya zauna a majalisa a Kadawa ko kasuwar Kwanar Gafan bai ga wani ya zaro waya yana nuna wa 'yan'uwansa yadda a ke dashe ko feshi a wata ƙasa ba. Tun da ya ke abin ya riga ya shigo, lalle ne mu san yadda za mu yi da shi, don kada a je neman ƙiba a samo rama.

Daga majigi zuwa waya

Dattawanmu sun san majigi. A zamanin Gwamnatin Jihar Arewa mota ce ke zuwa gari da injinta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, in dare ya yi a nuna wa jama'a tsabtar gari da sabon salon noma, wani ma'aikaci na tsaye yana bayani da Hausa. Har yanzu akwai masu tuna Baban Larai, wasan da aka shirya don koya wa talakawa gyaran noma. Aibin majigi guda ne, in ta wuce ta wuce. Wanda ya yi gyangyaɗi a daren nan, sai ya jira baɗi.

A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga ita ruwa ke gangarowa ta babbar hanyar ruwa zuwa gonakinmu, Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are na kula da shi. Ruwan nan ya zo mana da ayyukan da ba mu gada a wannan siffa ba, watau rabon ruwa da ƙa'ida, da dashen shinkafa a layi, da awon magani da taki. Malaman gona na KNARDA da masu bincike na tashar Kadawa suna iya ƙoƙarinsu, amma kowa ya san manoma sun fi ƙarfin yawansu nesa ba kusa ba.

A shekarar 2005 aka buɗe YouTube a Amurka, daga baya Facebook da WhatsApp da TikTok su ma suka cika da hotuna masu motsi. Ga shi yanzu majigi ta dawo, amma a cikin aljihu. Kana iya tsai da ita, ka komar da ita baya, ka kalla sau goma, ba wanda zai ce ka cika tambaya.

Abin da hoto ya fi iyawa

Gani ya kori ji. Duk aikin da hannu ke yi, hoto ya fi baki iya koyar da shi. Bari mu kawo misali uku.

Na fari, tsutsar tumatir da a ke kira sharon, wadda ta yi wa manoman Kano da Kaduna da Katsina mummunar ɓarna a 2016. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu har ta iso mu. In an ce maka tana cin ganye, ba ka gane kome ba, don tsutsotsi da yawa na cin ganye. Amma in ka ga hoton, za ka ga ita cikin ganyen ta ke shiga, ta cinye tsakiya ta bar fata fara kamar takarda, da ɗan baƙin kashinta a ciki. Za ka ga uwar, ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, da dare ya ke yawo. Wanda ya san wannan alama zai gan ta tun tana ganye biyu uku, kafin ta shiga 'ya'ya.

Na biyu, turara shinkafa, sana'ar da ƙasar Kura ta yi suna a kai. A 2005 cibiyar binciken shinkafa ta Afirka ta shirya wani hoto tare da matan ƙasar Binin. An nuna yadda a ke wanke shanshera a kwashe marar ƙwaya, a jiƙa ta a ruwan ɗumi ta kwana, sa'an nan a ɗora ta a mazubi mai huda-huda bisa tukunya, tururi kaɗai ya dafa ta, kada ta taɓa ruwa, daga nan a shanya a kan tamfal. Da aka bi sawu daga baya, sai aka tarar matan da suka kalla, har waɗanda ba su da kuɗin sayen mazubin, sun ƙago nasu da abin da ke hannu, domin sun gane dalilin aikin.

Na uku, ajiyar wake a buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka yaɗa tun daga 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Asirinsa shi ne a busar da wake sarai, a duba ko akwai huda, a matse iska, a ɗaure ko wane riɓi dabam. Ƙwari su rasa iska su mutu, ba a sa magani ko kaɗan ba. Ɗaurin nan, minti ɗaya na kallo ya fi wuni guda na bayani.

Inda a ke samun na kirki

Akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan. Ɗaya ita ce Access Agriculture, wadda aka kafa a 2012, tana ajiye hotunan koyar da manoma cikin harsuna masu yawa, har da Hausa. Akwai kuma SAWBO, wadda ta soma a 2011, ita da zane mai motsi ta ke koyarwa. A nan gida kuwa a nemi abin da ya fito daga NAERLS da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, dukansu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko daga IITA mai reshe a Kano. Waɗannan suna da suna da adireshi, in sun faɗi abu an san inda za a same su.

Tambaya huɗu kafin ka gaskata

Ga inda gizo ke saƙar. Mai magana a cikin waya kana ganin gonarsa, shi kuwa ba ya ganin taka. Bai san ko ƙasarka jigawa ce ko laka ba, bai san ko kana bakin hanyar ruwa ne ko kana can ƙarshe inda ruwa ke isowa a gajiye ba. Saboda haka kafin ka ɗauki maganarsa, yi wa kanka tambaya huɗu.

Ta ɗaya, wane ne mai maganar, kuma me ya ke nema? In ya faɗi sunan magani sau biyar, ya ƙare da lambar waya, to, ka sani talla ka kalla. Waɗansu kuma yawan masu kallo ne ke kawo musu kuɗi, don haka sai su zaɓi maganar da ta fi ban mamaki. Duk wanda ya yi maka alkawarin amfani ninki uku ba tare da ƙarin aiki ba, ka riƙe aljihunka.

Ta biyu, a wace ƙasa aka ɗauka? Ko wane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Manomin Indiya ko na Tailan gaskiya ya ke faɗi, amma gaskiyar ƙasarsu. Alkama a nan sanyin hunturu ta ke so, shi ya sa a ke shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya makara, zafin bazara zai riske ta tana zuba ƙwaya, ko mene ne hoto ya faɗa.

Ta uku, yaushe aka ɗauka? Hoto ba ya tsufa a ido. Maganin da aka yaba shekara takwas da suka wuce, wataƙila yau ƙwari sun saba da shi, ko hukuma ta hana shi. Sharon musamman tana da saurin sabawa da magani in an nace wa iri ɗaya.

Ta huɗu, kana da abin da aikin ke bukata? Akwai salon noman shinkafa da ya fito daga tsibirin Madagaska, wanda a ke nunawa da yawa. A kan dasa tsiro tun yana kwana 8 zuwa 15, guda ɗaya a rami, da tazarar santimita 25, ba a barin ruwa ya kwanta kullum. Salon yana da kyau inda ƙasa ta baje daidai, ruwa kuma na hannun manomi, ya buɗe ya rufe sa'ad da ya so. Amma in fangalinka na da tudu da kwari, ko ruwa sai ranar da layi ya zo kanka, jaririn tsiro zai wahala, ciyawa kuma za ta nemi ƙarin 'yan ƙwadago. Wannan lissafi, hoto ba zai yi maka shi ba.

A kula da awo

Yawancin hasarar da a ke yi wajen awo ta ke. Wani da eka ya ke magana, wani da hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Galan na Amurka bai kai lita 4 ba, na Ingila kuwa ya kai lita 4 da rabi. A ce hoto ya ce a sa lita 1 ta magani a ruwa lita 200 don hekta guda. In injin feshinka na goyo mai cin lita 20 ne, cika goma ke nan, ko wace cika mililita 100. In mai lita 16 ne, mililita 80. Wanda ya ji "lita ɗaya" kawai ya juye rabin kwalba a inji guda, ya ƙone shukarsa, ya kuma cuci jikinsa.

Ko yaya dai hoto ya ce, takardar da ke jikin kwalba ita ce alƙali. A duba lambar NAFDAC, a duba ranar lalacewa, a duba kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinki tumatir. Kada kuma a yarda da masu nuna haɗa magani uku huɗu a bokiti ɗaya, ko zuba maganin feshi a cikin abincin ajiya. Irin wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, saboda guban da aka samu a ciki. Fatake, wannan magana taku ce.

Sai an gwada a kan san na ƙwarai

In hoto ya tsallake tambayoyin nan, saura gwaji. Kada ka juya gona duka a kan abin da ka gani jiya. Ware fangali biyu maƙwabtan juna. Iri ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya. A ɗaya ka yi yadda ka saba, a ɗayan ka canza abu guda tak, wanda hoton ya koya maka. In ka canza abu uku a tare, ran girbi ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Rubuta abin da ka kashe a ko wanne, har da ladan ƙwadago. Ran girbi ka auna ko wanne dabam, da kwano ko kwando, kada ka auna da ido. In sabon ya fi bayan an cire ɗawainiya, baɗi sai ka faɗaɗa. In bai fi ba, fangali guda ka yi hasara, ka kuwa sayi ilmi da araha.

Sa'an nan wayar nan da ke kawo hoto tana iya kai hoto. In ka ga baƙon abu a ganye, ɗauke shi kusa-kusa da safe, sama da ƙasan ganyen, ka nuna wa malamin gona, ko ka kai ganyen kansa Kadawa. Matambayi ba ya ɓata.

Rabon akawu da ɗan kasuwa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malam akawu, kai da ka ke jin Turanci, ka kuma iya lissafi, ga sadaka mai sauƙi. Zaɓo hoto ɗaya mai kyau, ka sauke shi a waya sau ɗaya, ka tura wa sauran ta Bluetooth ko katin memori, don kada kowa ya ƙona data. In ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yi taro, a kalla tare, a tsai da shi wuri-wuri, a bar dattawa su ce wannan zai yi a nan, wannan ba zai yi ba. Kada a manta da mata a cikin gida, su ne masu turara shinkafa da busar da tumatir da ajiyar iri. Kai kuma mai shagon magani, in manomi ya zo da hoto yana neman abin da ya gani, karanta masa takardar kwalba tukuna. In ya ci riba bana, wurinka zai dawo baɗi.

Wanda ya yi gwajin fangali biyu a ranin bana, muna roƙo ya rubuto wa wannan fili abin da ya samu, ko ya ci ko bai ci ba, da sunan iri da awon abin da ya girba, domin 'yan'uwa su ƙaru. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yashe ƙananan hanyoyin ruwa da yaƙi da kacala. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.