Injin Jif Ya Gaji: A Gyara Ko A Sauya?

A gidaje da yawa jif ba motar ado ba ce. Ita ke kai yara makaranta, ita ke ɗauko buhunan masara daga ƙauye da kaka, ita ke ratsa hanyar da ƙaramar mota ba ta isa ta tunkara ba da damina. Kuma galibinsu, Highlander ne ko Lexus RX ko Honda Pilot ko Pathfinder, sun riga sun ci ƙasa a Amurka ko Turai kafin su iso hannunmu. Ranar da bakanike ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, sai dai fa a sauke inji," maganar ta zama ta gida gaba ɗaya, domin tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Ga abin da ya kamata a duba kafin a zare ko kobo.

1. A auna tukuna. Motar da ke karkarwa ko ta rasa ƙarfi ba lallai injinta ya ƙare ba. Fulogi ɗaya ya mutu ko nozul ya toshe, ya isa ya sa ta ɗingishi. Ka sa a jona mata kwamfuta, sannan a auna matsin kowace silinda ta ramin fulogi. Lafiyayyun silindoji kan ba da lamba kusa da juna. Wadda ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, nan ciwon yake. A ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake aunawa. In lambar ta hau, ringi ne ya cinye. In ta tsaya inda take, a tuhumi bawul ko gaskit. Bakaniken da ya ce kunnensa ya ishe shi ba sai da ma'auni ba, ka yi masa godiya ka gangara gaba.

2. Ka kalli salansa, ka zaro sandar mai. Shuɗin hayaƙi na nufin inji yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan mota ta ɗumama, ga lagireto kullum yana neman ƙari, ruwa ne ke shiga inda wuta take. Ɗan tururin safiyar hunturu ba ya cikin wannan lissafi. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa, kuma sau tari ba sai an buɗe cikin inji ba. In mai ya koma launin shayi da madara, ruwa ya gauraye shi. In kuma ka ji duka mai nauyi daga ƙasan inji, yana ƙaruwa duk sa'ad da ka taka totur, ka kashe motar a inda take, a jawo ta. Kilomita biyar ɗin da za ka lallaɓa zuwa gareji su ne bambancin injin da ke gyaruwa da wanda ya buga.

3. Gyara ya fi, matuƙar gangar jikin inji da kiranshaf suna da lafiya. Gaskit da ya ƙone sau ɗaya, roban bawul da suka bushe, ringi da ya cinye alhali bangon silinda bai kwarzane ba, duk waɗannan na gyara ne. Kuma injinka ka san tarihinsa, ka san man da ya sha da tafiyar da ya yi, abin da ba za ka taɓa sani ba game da na kasuwa. Sai dai gyara aikin awo ne. A kai kan inji wajen masu goge ƙarfe a duba ko ya lanƙwashe, a auna faɗin silinda, a ɗaure kusoshi da sifana mai ma'auni bisa jerin da kamfani ya tsara. Ni kaina na taɓa yin ringi sau biyu cikin shekara ɗaya, don na farko an zura sababbin ringi a silindar da ta riga ta buɗe, ba wanda ya auna. Wata uku hayaƙi ya dawo. Kayan ma abin lura ne: kasuwa cike take da ringi da gaskit na jabu a cikin kwali mai kyan gani, kuma arha a wannan wuri ba ta ado. In garinku babu bakaniken da ka ga aikinsa ya shekara biyu a kan titi, wannan kaɗai ya isa ya karkata ka zuwa sauyi.

4. Sauyi ya wajaba in bulok ya tsage, ko hannun fistin ya huda shi, ko kiranshaf ya ci wuta har ya canza launi, ko inji ya sha zafi sau da dama, ko an taɓa buɗe shi aka sake komawa gidan jiya. Haka kuma in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sayen wani da ɗora shi, ni dai sauyi nake zaɓa.

5. Ka san sunan injinka, ba sunan motarka kawai ba. Lexus RX300 da Highlander na farko masu silinda shida suna ɗauke da 1MZ mai lita 3.0, wanda ya yi suna wajen tara daskararren mai kamar kwalta in ana jinkirin juye. RX330 da Highlander na 2004 zuwa 2007 suna da 3MZ mai lita 3.3. Su biyun da bel suke aiki, shi kuwa 2GR mai lita 3.5 na RX350 da Highlander daga 2008 sarƙa gare shi. 2AZ mai silinda huɗu da lita 2.4, na RAV4 da Camry da wasu Highlander, an san wasunsa da shan mai saboda ƙirar fistin da ringi. In ka sayo irinsa a kasuwa kana iya sayo cutar da ka gudu. Ko suna ɗaya ne ma, akwai bambanci: 1MZ na tsohuwar Camry ba shi da tsarin bawul na VVT-i, na RX300 yana da shi. Na mota mai jan ƙafa biyu da na mai jan huɗu kan saɓa a wasu wurare. Duk wanda ya ce maka "za a yi masa dabara ya zauna," yana nufin za a yanke wayoyi, kuma daga ranar fitilar gargaɗi ba za ta sake mutuwa a gabanka ba.

6. In za a sayo, ka je da ƙafarka. Ko Ƙofar Ruwa ce a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko can Ladipo a Legas, dokar ɗaya ce: kowane inji sunansa "Beljiyam", wato ɗan ƙasar waje, a bakin mai sayarwa. Wani kuwa a nan gida aka sauke shi daga motar da ta gaji, aka wanke da fetur, aka shafa masa fenti. Injin da ya cika sheƙi ya fi mai ƙura ba ni tsoro. Ka duba kawunan kusoshi ko sifana ta taɓa cin su, ka duba ko gam ya tsattsafo a gefen gaskit, alamar an buɗe. A cire murfin sama ka leƙa: launin zuma ake so, ba baƙin dasƙare ba. A kwance fulogi duka a jera su, su yi kama da juna. A juya inji da hannu ya zagaya ba tare da cijewa ba. Sannan a yi magana a fili kan kwanakin gwaji: kwana nawa, daga ranar saye ko daga ranar da aka tayar, kuma in ya ƙi, wa zai biya kuɗin saukewa. A rubuta. Ka tafi da bakanikenka don idonsa, amma ciniki kai za ka yi, saboda la'adar da ake ajiye masa a ɓoye daga aljihunka take fita.

7. Rasit ya ɗauki lambar inji da adireshin shago. Takardun motarka suna ɗauke da tsohuwar lamba, don haka ka je ofishin lasisi a gyara. Ranar da aka tare ka a hanya, ko ka tashi sayarwa, za ka gane amfaninsa.

8. Abin da ya kashe injin farko yana nan yana jiran na biyu. Yawancin injunan da ke mutuwa a ƙasarmu zafi ne ko rashin juye ke kashe su. A wanke lagireto ko a sauya shi, a duba fanka da murfi da tiyo. A daina zuba ruwan rijiya zalla, yana haifar da tsatsa da ƙanzo. A sa ruwan sanyaya inji na gaskiya. Al'adar nan ta cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, ba ta warkar da komai, sai ƙara shan mai. Tun inji yana ƙasa, a sa sabon bel, famfon ruwa da roban bayan kiranshaf, don daga baya sai an sake biyan kuɗin aiki kafin hannu ya kai gare su. Masu Pathfinder na 2005 zuwa 2010 su duba lagireto da kyau, an san shi da yoyon ruwa cikin man giya.

9. Ka dubi sauran motar, ku kuma zauna da uwargida. Sabon inji a gaban giyar da ke fizga da ƙafafun da suka saki, ɗinkin sabon ƙyalle ne a tsohuwar riga. Ku rubuta komai: inji, dako, kuɗin aiki, mai wayarin, mai da tace, ruwa, gas na na'urar sanyi, da kuɗin adaidaita na makonnin da mota za ta yi a gareji. In jimillar ta doshi abin da motar za ta yi a kasuwa bayan gyara, sayar da ita a yadda take, tare da faɗa wa mai saye aibinta, ba abin kunya ba ne.

10. Ranar aiki ka zauna a gareji, ko ka ajiye ƙanenka. Tsohon inji naka ne, yana da kuɗi, ko a yi musaya da shi a rage maka farashi. Ka sa ido kan tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake kira indomi, don tana da ƙafa a irin wannan rana. Bayan an tayar, in ringi aka yi, a bi ta a hankali kilomita 1,000 na farko, ba gudu ba lodi, sannan a juye mai. In sauyi aka yi, ka yi ta yawo da ita cikin kwanakin gwajin nan, kana duba sandar mai da ruwa kowace safiya kafin ka murza makulli. Tafiyar Kano zuwa Maiduguri da iyali ta jira sai wata mai zuwa.