Yadda Ake Sauya wa Jarumi Kama a Wasan Dungeons & Dragons Ba Tare da Taɓa Ƙa'ida Ba

Dungeons & Dragons wasa ne na tebur da ake yi da baki, da takarda, da dayis irin na lido amma masu yawan fuska daban-daban. Mutum ɗaya ke jagoranci yana ba da labari, sauran kuma kowa na riƙe da jaruminsa yana faɗin abin da zai yi. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974, kuma a wancan bugun rukunin jarumai uku ne kacal: mayaƙi, matsafi da mai hidimar wurin bauta. Littafin 'yan wasa na bugu na biyar da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014 yana da rukuni 12.

Kowane rukuni yana zuwa da kamarsa a shirye. Wanda littafin ke kira Barbarian ƙato ne mai gatari da saurin fushi, Rogue ɓarawo ne mai laɓewa a lungu, Bard kuwa mawaƙi ne mai yawo da abin kiɗa. Sabon ɗan wasa yakan ɗauka cewa dole ne ya karɓi wannan kama. Ba dole ba ne. Kana iya riƙe lissafin rukuni yadda yake, ka ɗora masa wani mutum daban. Ga yadda ake yi.

Mataki na 1: Raba ƙa'ida da labari

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A ɓangare ɗaya rubuta duk abin da ke da lamba ko sharaɗi: wane dayis ake jefawa, sau nawa ake amfani da baiwa kafin a huta, nisan da take kaiwa, irin ɓarnar da take yi. A ɗaya ɓangaren rubuta suna, tufafi, asali, hali da bayanin inda ƙarfin ya fito.

Ɗauki Barbarian na 2014. A matakin farko yana iya shiga halin da littafin ya kira fushi sau biyu kafin dogon hutu. Halin yana ɗaukar minti ɗaya, yana ƙara 2 a kan ɓarnar sara ko duka, yana rage rabin raunin da sara, suka da bugu za su yi masa, kuma ba ya iya tsafi a cikinsa. Duk wannan ƙa'ida ce, ba a taɓa ta. Amma cewa fushi ne ke jawo hakan, labari ne, kuma labarin naka ne.

Mataki na 2: San inda kamar ta samo asali

Waɗanda suka tsara wasan daga littattafan da suke karantawa suka ɗebo jarumansu. Barbarian ya biyo sawun Conan na Robert E. Howard, wanda ya fara bayyana a 1932. Maharbin daji, wato Ranger, daga Aragorn na Tolkien ya fito. Paladin, mayaƙin rantsuwa da ya shigo wasan a 1975, an gina shi a kan jarumin littafin Three Hearts and Three Lions na Poul Anderson. Tsohon tsarin da matsafi ke haddace tsafi sannan ya ɓace masa bayan ya yi amfani da shi, daga labaran Jack Vance aka aro shi. Sanin wannan zai cire maka tsoro: kamar nan zaɓin wasu marubuta ce a wani zamani. Su kansu masu tsara wasan suna sauya ta. A da, Paladin tilas ya zama mai bin doka kuma mutumin kirki. A bugu na biyar babu wannan sharaɗi, rantsuwarsa ce ta zama ginshiƙi.

Mataki na 3: Fara da mutum, sannan ka nemi rukuni

Rubuta jimla ɗaya a kan wanda kake son zama: mene ne sana'arsa, me yake nema, me yake tsoro. Sannan ka tambayi kanka abin da zai riƙa yi idan rikici ya tashi. Zai tsaya a gaba ya sha duka? Zai ƙarfafa abokai da baki? Zai jira dama ɗaya ya yi suka mai kisa? Amsar ce za ta nuna maka rukunin da lissafinsa ya dace. Kada sunan rukuni ya ruɗe ka. Ɗan dambe ya fi dacewa da lissafin Monk, mai faɗa da hannu da ƙafa ba sulke, ko da bai taɓa jin labarin gidajen ibadar Sin ba.

Mataki na 4: Ba kowace baiwa dalilinta a sabon labari

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Sauya suna kawai ba ya isa. Bi baiwar rukunin ɗaya bayan ɗaya, kowace ka nemo mata dalili.

A ce ka mai da Barbarian ɗan tauri. Rage rabin raunin sara da suka ya zama maganin ƙarfe da ya gada a gidansu. Halin fushi ya zama tsuma, wadda ke kama shi idan ya ji kirarinsa ko ya tuna kiɗan tauri. Ƙa'idar 2014 ta ce halin yana yankewa idan zagayen faɗa ya wuce bai kai hari ba kuma ba a ji masa rauni ba. A labarinka, tsumar ce ke sauka idan fili ya yi sanyi. Yana da kariya ko ba sulke, domin a wurinsa saka sulke abin kunya ne ga mai magani. Ba ya tsafi a cikin halin, domin mai tsuma ba ya da natsuwar karanta komai. Ka ga ko lamba ɗaya ba ta motsa ba, amma mutumin ya zama wani.

Rogue kuma yana iya zama wanzami mai yawo gari-gari. Ƙarin dayis mai fuska 6 da yake samu a matakin farko, sau ɗaya a zagaye, idan ya sami abokin gaba a sake, ya zama sanin jijiya da gaɓa. Askarsa ta ɗauki lissafin wuƙa, dayis mai fuska 4. Yaren sirri na ɓarayi da rukunin ke da shi ya zama zaurancen da 'yan sana'arsa ke yi a tsakaninsu.

Bard ya zauna daidai a kan maroƙi. Dayis mai fuska 6 da yake ba abokinsa don ƙarfafa shi, kirari ne da ya yi masa. Ƙaramin tsafin da ke raunata maƙiyi da baƙar magana, zambo ne.

Idan ka iske baiwar da ta ƙi shiga labarin, kada ka share ta. Ajiye ta a matsayin sirrin da jarumin kansa bai gane ba tukuna; sau da yawa irin wannan ne ke haifar da labari mafi daɗi a gaba.

Mataki na 5: Kada ka nemi riba ta bayan fage

Sabuwar kama ba ta kawo sabon ƙarfi. Littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya yarda ɗan wasa ya sauya siffar tsafinsa, da sharaɗin tasirin ya zauna yadda yake. Tsafin Magic Missile kibau uku ne masu haske. Kana iya cewa naka ƙudan zuma uku ne ko duwatsun majajjawa, amma ɓarnar kowanne tana nan: dayis mai fuska 4 da ƙarin 1. Idan ka ce wutarka ta koma ƙanƙara, ka taɓa ƙa'ida, domin dodanni da yawa wuta ba ta cin su sosai, sanyi kuwa yana ci. Haka nan ɗan taurinka ba zai ce wuƙa ba ta kama shi sam ba. Rabi littafi ya ba shi, rabi zai samu. Gwajin mai sauƙi ne: in sauyin zai sa ka ci nasarar da ba za ka ci da ba, ya wuce kama, ya zama sabuwar doka, kuma sai da izinin jagora.

Mataki na 6: Zauna da jagora da abokan wasa tun kafin a fara

Masu wasa da yawa sukan ware zama ɗaya kafin labari ya soma don a daidaita tsammani. Kai takardarka wurin. Jagora yana buƙatar sanin yadda mutanen duniyarsa za su kalli jaruminka: shin akwai wasu 'yan tauri a ƙasar, wa ya ba shi maganin, wace doka ce ke karya shi? Irin waɗannan tambayoyi sun fi muhimmanci ga Warlock, wanda ƙarfinsa daga yarjejeniya da wani ubangida yake zuwa. Ko da ka mai da ubangidan tsohuwar sarauniya ko attajiri mai bin bashi, dole ya kasance yana da abin da yake so a wurinka, kuma jagora ne zai riƙa magana da bakinsa. Ka kuma faɗa wa abokanka ainihin rukuninka a fili, don su san wanda zai yi jinya da wanda zai tare gaba.

Mataki na 7: Gwada, kuma ka mutunta abin da ka aro

A zaman farko, faɗi baiwar da sunanta na littafi sannan ka siffanta ta da naka, har kunnen kowa ya saba. Bayani ya zama gajere, jimla ɗaya ko biyu, don kada ka cinye lokacin wasu. Abin da bai yi armashi ba, gyara shi a zama na gaba.

In ka aro daga sana'a ko al'adar mutanen da ke raye, koyi abin da kyau kuma kada ka mai da su abin dariya. Addinin da mutane ke bi da gaske, da sunaye masu alfarma, a bar su a wajen tebur. Duniyar wasa ƙirƙirarriya ce, sai a ƙirƙiro mata nata. Idan wani a teburin ya ce abu ya sosa masa rai, a cire shi ba gardama.

Kada ka jira wani kamfani a Amurka ya buga littafin da ke da jarumi mai kama da mutanen da ka sani. Rukunan nan 12 sun ishe ka. Zaɓi ɗaya, ja layinka a takarda, ka bar lambobi a inda suke, ka kai sabon mutumin wurin jagoranku a zama mai zuwa.