Gwiwar da ta ce "ƙas" a filin ƙwallo

A watan Janairun 2025 Anthony Watson, ɗan wasan zari-ruga na Ingila wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30. Ya buga wa Ingila wasa 56, amma jikinsa bai bar shi ya more ba: agararsa ta tsinke a 2018, jijiyar gwiwa ta biyo baya a 2021, daga ƙarshe ciwon baya ya sa likitoci suka ce ya haƙura. Wannan fa mutum ne da ƙwararrun likitoci ke kewaye da shi dare da rana.

Zari-ruga bai yi kasuwa a Jigawa ba, sai dai a Kano inda ƙungiyar Barewa ke buga shi. Amma raunin da ya kwantar da Watson a 2021 shi ne mai wannan rubutu, ma'aikacin gashin ƙashi a Dutse, yake gani a gwiwar samarin da ke tamaula a filayen unguwa, masu burin wata rana su sa rigar Jigawa Golden Stars.

Akwai wani yaro ɗan shekara 19 daga wajen Kiyawa. Ya kafa ƙafa zai juya da ƙwallo, ba wanda ya taɓa shi, sai ya ji "ƙas" a cikin gwiwa. Kafin magariba ta kumbura suntum. Aka ce targaɗe ne, aka kai shi wurin mai ɗori, aka ja, aka shafa man shanu, aka ɗaure. Bayan sati uku kumburi ya sace, ya koma fili. Sai da gwiwar ta zame masa sau huɗu, har a kan tsani, sannan mahaifinsa ya kawo shi.

"Likita, ai mun yi hoto, an ce ƙashi lafiya lau," in ji uban.

Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne gizo ke saƙar. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. A tsakiyar gwiwa akwai wata jijiya da ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. In ta tsinke gaba ɗaya, da wuya ta haɗe da kanta, kuma ɗauri ba ya kai wa gare ta. Hannun ƙwararre da hoton MRI ne ke gano ta. Duk zamewar da gwiwa ta ƙara yi, gurunguntsin ciki ne ke yagewa, shi ya sa ake ganin saurayi da ciwon gwiwar tsofaffi.

Abin da ya fi ci wa mai rubutu rai shi ne gaggawa. Ko an yi tiyata a asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, komawa gasa kan ɗauki wata tara zuwa shekara ana gashi da atisayen ƙarfafa cinya. Koci na matsawa, abokai na zuga, yaro na tsoron a ba wani lambarsa.

Duk wanda ya ji ƙarar nan, gwiwa ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, to ya bar fili nan take, ya ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, ya ɗaga ƙafar a kan matashi, a kai shi asibiti kafin a fara ja da murɗa.

Yaron Kiyawa, wanda jijiyar nan ce ta tsinke masa, yanzu yana wata na bakwai bayan tiyata. Ya fara sassarfa a miƙe, juyi da ƙwallo kuwa ba a ba shi izini ba tukuna.