Alhaki mara iyaka

Iyaka ita ce wurin da abu ya tsaya. Gona tana da iyaka, ƙasa ma haka. Abin da ba shi da wurin tsayawa, shi ake ce ma mara iyaka. Da Faransanci ana cewa « illimité ». Ƴan kasuwa suna aiki da wannan kalma wajen maganar bashi.

Ga misali. Wani ɗan kasuwa na Tibiri ya ɗauki wake bashi, na jikka 500, don ya kai Dogon Dutsi ya sayar. Kafin ya samu ciniki, ƙwari suka ɓata waken. Da ƙyar ya sayar da shi jikka 300. Masu wake suna binsa cikon kuɗinsu.

Wannan mutum shi kaɗai yake kasuwanci, da sunansa. Saboda haka doka ba ta raba jarinsa da sauran dukiyarsa ba. In bai biya ba, alƙali yana iya sa a sayar da sansa ko amalankensa, har bashin ya ƙare. Wannan shi ne alhaki mara iyaka: bashi ba ya tsayawa ga jari, yana bin mai shi har gida.

Akwai wata hanya. Mutum ɗaya ko mutane da yawa suna iya kafa kamfani irin wanda ake kira SARL, su sa shi cikin rajistar kasuwanci. In kamfanin ya faɗi, jarin da kowa ya zuba kaɗai zai rasa. A nan alhakin yana da iyaka.

Wannan ƙa'ida tana cikin dokokin OHADA, ƙungiyar da aka kafa a 1993. Ƙasashen Afirka 17 ke cikinta, har da Nijar.

Amma a lura. In mai kamfani ya sa hannu ya tsaya ma bashin da kansa, iyakar ta tashi. Don haka mai hankali ba ya sa hannu ga takarda sai an karanta masa ita sarai.

Tambayoyi
1. Mene ne ma'anar « illimité »?
2. Jikka nawa masu wake ke bin ɗan kasuwar?
3. Don me alƙali ke iya taɓa dukiyarsa?
4. Yaushe iyakar alhakin mai SARL ke tashi?