Ka Bar Hitar Nan a Wurinta

Ɗana, na ji kana shirin cire hita daga injin a-kori-kurar nan da ka ɗora wa turbo, ka kuma buɗe wa famfonta mai. Hujjarka ita ce Amurkawa suna cirewa. Suna cirewa kam, amma kafin ka ɗauki sifana ka duba su wane ne ke yi, da irin motar da suke yi wa.

Injin dizal ba shi da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa da zarar nozul ya fesa shi. Da asuba ƙarfe yana da sanyi, sai ya riƙa shanye zafin nan kafin ya kai inda ake so. A nan hita take shigowa: cikin 'yan daƙiƙu bakinta ya yi jajir, zafinsa ya haura digiri 800, mai ya taɓa shi ya kama.

Masu cirewa a Amurka yawancinsu 'yan gasar tsere ne da jan nauyi, masu Ford Power Stroke da Duramax. Suna cusa wa inji iskar da ta ninka abin da kamfani ya tsara, suna tsoron kada bakin hita ya karye ya faɗa kan fistin. Motar da ake kai ta fili a kan tirela, ta yi ihu na ɗan lokaci a mayar da ita gida, ba ruwanta da tashin asuba. Wasu kuma da kake gani masu Dodge Ram ne mai injin Cummins, wanda daga 1989 zuwa 2024 bai zo da irin wannan hitar ba sam. Abin da suke cirewa wata ragar dumama iska ce da ke bakin hanyar shigar iska. Kada ka haɗa biyun.

Taka kuwa Hilux ce mai injin 5L, ɗan'uwan 3L, kuma tsarinsu ɗaya da 1HZ na Land Cruiser. Waɗannan ba sa fesa mai kai tsaye a kan fistin. Akwai wani ɗan ɗaki a cikin kan inji inda wuta ke fara kamawa, kuma bangon ɗakin nan yana shan zafi sosai. Shi ya sa duk da matsinsu ya kai kusan 22 bisa 1, Toyota ba ta sake su ba hita. In ma ka sa gasket mai kauri don rage matsi saboda turbo, to ka ƙara wa kanka bukatarta ne, domin inda matsi ya ragu, zafin tashi ma ya ragu.

Na san za ka ce ƙasarmu ƙasar zafi ce. A watan Afrilu haka ne. Amma ka kwana da kaya a Jos ko Agadas cikin Janairu, hunturu na kaɗawa, ka murɗa makulli ka gani. Kik zai yi ta juyi har batir ya sauka, farin hayaƙi ya turnuƙe, man da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa. Daga nan sai wani ya kawo maka gwangwanin feshin tada inji, wanda a irin injinka yana iya karya zoben fistin. An gudu ba a tsira ba.

Tsoron karyewar ba shirme ba ne, sai dai yana da sanadi. Hita tana kumbura in an sa wadda ƙarfin wutarta bai dace da motar ba, ko rile ya maƙale ya bar ta kunne, ko mai lantarki ya yi maka maɓalli kana danne shi yadda ka ga dama. Nozul mai ɗiga da lokacin feshi da aka matso da shi gaba da yawa su ma suna cinye bakinta. Ka gyara waɗannan, ka auna kowace hita da mita, ka canza duka huɗun lokaci guda da na kirki. In za ka kwance, ka bari inji ya yi ɗumi, ka jiƙa zaren da mai, ka bi a hankali, don in ta karye a ciki sai an sauke kan inji.

Motar nan da ita kake ciyar da iyalinka, ɗana. Ka yi mata turbonka lafiya, amma ka bar mata hitarta.