Kwamfutar Da Ke Tashi Yau Ta Ƙi Gobe: Darasi Domin Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan darasi ne domin Hakimai, Allah ya ƙara musu martaba, da kuma malaman da ke riƙe da alƙalamin ofisoshinsu. Ofisoshin gunduma da yawa suna da kwamfuta irin wadda a ke girkewa bisa tebur, galibinsu kuwa sun kwana biyu, waɗansu ma a gwanjo aka sayo su. A cikinsu a ke tara sunayen Dagatai da Masu Unguwa, da takardun sulhu a kan gona da iyaka, da kwafen wasiƙun da aka aika fada, da takardun shaida da talakawa su ke zuwa nema.

To, tsohuwar kwamfuta tana da wani hali mai ɓata rai. Ran Litinin a danna makunni ta tashi garau. Ran Talata a danna, shiru. A danna sau 3 ko 4, can sai ta tashi kamar ba ita ba. In an kai wa mai gyara, tana isa sai ta yi lafiya lau, ya duba bai ga kome ba, a sallame shi, a komo da ita, jibi ta sake. Ana nan ana nan, ran nan sai ta ƙi tashi sam, alhali ga mutane zaune a zaure tun safe suna jiran takarda, ga kuma wasiƙar da a ke so ta isa fada kafin azahar.

Ruwa ba ya tsami banza. A tsohuwar na'ura dalilin bai cika wuce ɗayan huɗu ba: wuta mara ƙarfi, ko haɗin da ya yi sako-sako, ko ƙura, ko wani ɓangare da ya tsufa. Hanyar gano shi kuwa ita ce hanyar Alƙali, watau a tara shaida, a ji kowa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a yanke hukunci.

1. A fara kwashe takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar kwamfuta ta soma wannan hali, in ta tashi, aikin farko da malami zai yi shi ne ya kwafe takardun ofis duka zuwa filashi ko wani faifai na waje. Kwafi 2 ya kamata a yi, ɗaya a ofis cikin akwati mai makulli, ɗaya a hannun Hakimi. Bayan haka a kai filashin wata kwamfuta a buɗe takarda 3 ko 4, a tabbata sun buɗu. Kwamfuta in ta mutu a kan sayi wata. Amma bayanin iyakar da aka rubuta shekara 10 da suka wuce, wanda rabin shaidunsa sun riga mu gidan gaskiya, ba a samunsa a kasuwa.

2. Littafin shaida

Malami ya sami ɗan littafi ya raba shafinsa gida 5. Na farko kwanan wata da lokaci. Na biyu, wutar gari ce ko ta janareta. Na uku, sanyi a ke yi, ko zafi, ko damshi. Na huɗu, abin da ya gani da abin da ya ji. Na biyar, sau nawa ya danna kafin ta tashi. Kowace safiya ya cika, ko ta tashi ko ta ƙi. In wani rubutu ya bayyana a sikirin, ya kwafe shi harafi bi da harafi, ko ya ɗauki hotonsa da waya.

Kafin mako 2 littafin zai fara magana. Wataƙila a ga ba ta ƙin tashi sai a kan janareta, ko sai da sanyin safiya, ko sai bayan hutun Asabar da Lahadi. Wannan littafi shi za a miƙa wa mai gyara, don ko ta tashi a gabansa ga shaida a rubuce.

3. Ƙin tashi iri uku ne

Kalmar "ta ƙi tashi" ba ta isa bayani ba. Malami ya san wanne ne daga cikin waɗannan:

(a) An danna, ba fitila, ba motsin fanka, ko kuwa fanka ta juya kaɗan ta tsaya. Wannan maganar wuta ce.

(b) Fitila ta kama, fanka tana juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin, wani lokaci da ɗan kuka ƙit-ƙit. Wuta ta shiga, amma kwamfutar ta kasa gama binciken da ta kan yi wa jikinta duk lokacin da aka kunna ta.

(c) Sunan kamfani ya fito a sikirin, amma Windows ba ta buɗe ba. Wannan galibi maganar rumbun ajiya ce, watau faifan da ke ciki inda takardu su ke.

4. Sharuɗɗa kafin a buɗe akwati

A kashe, a zare fulogi daga bango, a danne makunni kamar daƙiƙa 20 don sauran wutar da ke ciki ta zube. Malami ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa kome a ciki, balle da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke sa jikin mutum ya tara ɗan lantarki. Abin da ke yi maka tsit a yatsa in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe ɓangaren kwamfuta. A ɗauki hoton ciki da waya tukuna, don kowace waya ta koma mazauninta. Abu ɗaya kaɗai a ke canjawa a lokaci guda, a rubuta shi a littafi. Wanda ya canja abu 5 tare, ko ta warke bai san maganin ba.

Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe a ciki, inda wayar bango ke shiga, shi ne akwatin wuta. Kada kowa ya kwance shi. Ya kan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare fulogi.

5. In ba alamar wuta

A fara daga bango, don abin da ke waje shi ya fi araha. A sa fitila ko fanka a soket ɗin a gani. A duba fulogi, ko fis ɗinsa ya yi sako-sako, ko bakinsa ya yi baƙi don zafi. Wayar da ke shiga bayan kwamfuta sau da yawa iri ɗaya ce da ta sikirin, sai a musanya su a gwada. In akwai na'urar riƙe wuta, wadda a ke kira UPS, a tsallake ta na ɗan lokaci a haɗa da bango sosai. Batirinta ya kan gaji cikin shekara 3 zuwa 5, zafin ƙasarmu kuwa yana rage masa kwana.

Wutar gidaje a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma kowa ya san ta kan zo da rauni. In littafi ya nuna ƙin tashin yana tafiya da raunin wuta, sitabilaiza a ke bukata. In a kan janareta ne, a bar shi ya yi 'yan mintoci muryarsa ta daidaita kafin a kunna. Waɗansu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Lalle ya zauna a kan 230. In aka mai da shi 115, irin wutar Amurka, aka sa a bangonmu, nan take ya kan ƙone.

In duk wannan lafiya, sai a zargi akwatin wuta. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango ya mai da ita bolt 12, da 5, da 3.3. Ƙa'idar masu ƙira ba ta yarda ya kauce fiye da kashi 5 cikin 100 ba, watau layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. In bai cika ba, kwamfutar ba ta yarda ta tashi. A cikinsa akwai waɗansu 'yan gwangwanaye da masu gyara ke kira kwandensa. In sun tsufa ruwan cikinsu ya kan bushe, sai su yi rauni da sanyi, su ɗan farfaɗo in sun ji ɗumi. Shi ya sa kwamfuta ta kan ƙi tashi da safiyar hunturu, da hantsi kuwa ta tashi. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a aro akwatin wuta mai lafiya a sa mata na mako guda. Amma a lura, kwamfutocin ofis da yawa na Dell da HP suna da nasu irin bakin waya, saboda haka a tafi kasuwa da tsohon a hannu.

6. In fanka na juyawa sikirin baƙi

A duba wayar sikirin baki biyu, a ɗaure ta sosai. A zare duk abin da aka maƙala, da firinta da filashi, a bar madannai kaɗai. In tana kuka, a ƙirga: nawa ne dogo, nawa ne gajere. Gajere guda yawanci alamar lafiya ce. Sauran kuwa kowane kamfani da ma'anar da ya ba su, waɗansu ma da ƙiftawar fitila su ke magana, sai a rubuta a nemi littafin wannan samfuri.

Sa'an nan a dubi ƙura. Ƙurar hunturu ta kan toshe fanka, ta kwanta a bakin haɗi, in damina ta zo ta sha damshi ta kama. A fitar da akwatin waje a hure shi da abin hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. Ba a sa ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma.

Bayan wannan sai sandunan ƙwaƙwalwa, waɗanda a ke kira ram. Zafi da sanyi na shekaru su kan sa bakinsu ya daina kamawa sosai. A buɗe maƙallansu, a zare su ta gefe, a goge bakin nan mai ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai tsabta, a mayar har a ji ƙas. In sanda 2 ne, a gwada ɗaya-ɗaya. Akwai manhajar gwajinsu mai suna MemTest86, a kan bar ta ta kwana tana aiki.

A babban allon ciki kuma akwai ɗan batir mai kama da sulalla, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin kwamfuta in ba wuta. Alamar gajiyarsa ita ce kwanan wata ya koma shekarun baya, ko ta tsaya tana neman a danna F1. A kan same shi wurin masu gyaran agogo. Bayan an canja, a gyara kwanan wata, don takardar ofis mai kwanan watan ƙarya tana iya jawo gardama. Kafin a rufe, a haska kwandensan babban allo. Kansu a shafe ya kamata ya zama. In ya kumbura ko ya zubo da wani abu ruwan ƙasa, aikin mai gyara ne. Kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 sun yi suna da wannan ciwo.

7. In Windows ba ta buɗe ba

A duba ko an manta filashi a jiki, don kwamfutar ta kan nemi tashi daga gare shi. A zare wayoyi 2 na rumbun ajiya a mayar da su daram. A kasa kunne kuma. Tsohon rumbu faifai ne mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti. In yana ƙas-ƙas, ko ya ɗauki juyi ya saki, ajalinsa ya kusa, kuma kowace kunnawa tana ƙara masa rauni. Rumbu yana riƙe da labarin lafiyarsa, manhaja irin CrystalDiskInfo tana nuna shi. In ta nuna rawaya ko ja, a canja shi ba da jinkiri ba. Sabon irin nan mara faifai, SSD, ya fi sauri, kuma ya fi jure girgiza.

8. Yaushe za a ce ta warke?

Nan ne mutane su kan ruɗi kansu. Ciwon da ke zuwa ya tafi, tashi ɗaya ba ya nuna ya rabu. In da ta kan ƙi sau 2 a mako, sai ta yi mako 2 cur tana tashi kowace safiya, da sanyinta, kafin a rubuta an gama.

9. Abin da ya rataya a wuyan Hakimi

Hakimi ba sai ya riƙe sukundireba ba. Nasa shi ne ya riƙa neman ganin littafin shaida, ya tambayi ranar da aka yi kwafi na ƙarshe. In za a kai wa mai gyara, a rubuta lambar kwamfutar da abin da ke cikinta, a sa sharaɗi kada a goge rumbu sai da izni, a kuma komo da duk ɓangaren da aka cire. A tuna asirin talakawa ne a ciki. In laifin na babban allo ne, kuɗin gyara kuma ya tasam ma na wata, a rubuta wa hukuma a nemi canji. A sani kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuwa a Oktoban 2025.

Tambayoyi domin malamai

1. Mene ne aikin farko ranar da kwamfuta ta soma ƙin tashi?
2. Kawo iri 3 na ƙin tashi, da inda za a fara dubawa a kowanne.
3. Don me tsohon akwatin wuta ya kan ƙi aiki da sanyin safiya?
4. Wane ɓangare ne aka hana kwancewa, kuma don me?

Allah ya taimaki Hakimai, ya ba malamai haƙurin bin aiki daki-daki, ya kiyaye mana amanar jama'a. Amin.