DARASI: YADDA AKE GANE DARAJAR TSOHON KUƊIN AZURFA

Darasinmu na wannan fitowa ya ɗan kauce wa shanu, amma bai bar kasuwa ba. Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Tunfafi, Birnin Ƙonni da Illela, ko tsakanin Masaget, Gamboru da Mubi, ya san akan kawo masa tsofaffin kuɗin azurfa. Wani Bafulatani zai kwance daga bakin zanen uwarsa ya ce a cika masa kuɗin karsana da su, wani kuma jingina zai bayar, wani ɗan koli zai tare ka a tasha ya ce wannan na shekara ɗari biyu ne, Turawa na nema ido rufe. Idan ba ka da sani, ko dai ka sayi jabu, ko ka zalunci mai kaya, ko kuma ka kai abu mai daraja maƙera a narkar. Saboda haka a karanta a tsanake.

KUƊI BIYU A JIKIN ABU ƊAYA

Abin da za a fara riƙewa shi ne, kowane tsohon kuɗin azurfa farashi biyu gare shi. Na farko kuɗin ƙarfensa, wato nauyin azurfar da ke ciki. Na biyu kuɗin da masu tara kayan tarihi ke biya saboda ƙarancinsa da lafiyar jikinsa. Kun san bijimin da mahauci ke taya wa da ido a kan nama, da kuma bijimin da makiyayi ke taya wa saboda iri. To, haka abin yake. Na farko kullum yana nan, ko'ina ka je za ka sami mai saye. Na biyu kuwa sai ɗaya bisa ɗari, kuma sai ka sami mai neman sa. Akasarin abin da ke yawo a kasuwanninmu farashin farko kawai gare shi.

IRE-IREN DA AKA FI GANI

1. Liyari, wato riyal mai hoton mace. Wannan kuɗin ƙasar Ostiriya ne, matar kuma sarauniya Mariya Tereza ce. A bayansa akwai mikiya mai kai biyu. Nauyinsa giram 28, faɗinsa wajen milimita 40, zallar azurfar da ke ciki giram 23.4. Ya daɗe a ƙasashenmu. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar ana canjin sa a Kano a 1851 a kan wuri 2,500.

2. Dalar Faransa, wato tamma 5 ta azurfa. Nauyinta giram 25, zallar azurfa giram 22.5. Daga irin waɗannan manyan kuɗi ne muka gaji lissafin dala a Nijar, kamar yadda mutanen Cadi ke ce wa sefa 5 riyal. Akwai kuma ƙananan, tamma 1 da tamma 2 masu hoton mace tana shuka, na 1898 zuwa 1920. Tamma 1 giram 5 ce, azurfarta kusan giram 4.2.

3. Sule da fataka na zamanin Ingilishi, masu hoton Sarki Joji na Biyar a gaba da bishiyar kwakwa a baya. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ita ta fitar da su. Na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. Sule giram 5.66 ne, fataka giram 11.31. A 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, kuma cikin shekarar nan aka koma buga su da ƙarfe mai launin rawaya, babu azurfa ko kaɗan. Sisi da taro ma haka suka bi.

4. Riyal na Saudiyya wanda alhazan da suka yi ta kawowa tsaraba. An fara buga irin wannan a 1354 Hijiriyya, wato 1935. Nauyinsa giram 11.66, azurfarsa kusan giram 10.7.

A kula: kwabo da anini masu huji a tsakiya ba azurfa ba ne, ko da sun yi fari fat. Kada wani ya auna maka su cikin kayan azurfa.

TARKON 1780

A nan ne aka fi cin mutane. Za a nuna maka liyari a ce duba shekara, 1780, ya haura shekara 240. Gaskiyar magana ita ce sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda 'yan kasuwar Larabawa, Habasha da Sudan ba su yarda da wani kuɗi sai shi, aka ci gaba da buga shi ba tare da canja shekarar ba. Ostiriya kanta ta daina kashe shi a 1858, amma bugu bai tsaya ba. Daga 1935 zuwa 1961 an buga shi a Roma, Landan, Faris, Burusal, Bombai da Bamingam. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga kusan miliyan 389, kuma gidan buga kuɗi na birnin Biyana na ci gaba da fitar da sabo da wannan shekara ta 1780.

Ashe ke nan shekarar da ke jikin liyari ba ta faɗin tsufansa. Kamar a kawo maka saniya ne a ce 'yar shekara huɗu ce, kai kuwa ba ka buɗe bakinta ka ga haƙora ba. Liyari mai 1780 a saye shi a kan nauyin azurfa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wanda ya kamata ka buɗe ido a kansa shi ne mai shekara ƙasa da 1780, daga 1741 zuwa 1779, domin shi an buga shi ne a shekarar da ke jikinsa. Cikin masu 1780 ma akwai bugun farko-farko da masana ke biya da tsada, amma bambancin na cikin ƙananan haruffa da zanen gashin mikiya ne, sai gwani da madubin ƙara girma. Kada ka biya kuɗin wannan a kan faɗar mai sayarwa.

GWAJI BIYAR KAFIN CINIKI

Na ɗaya, auna. Sayi ƙaramin sikelin masu zinariya, ba shi da tsada, yana shiga aljihu. Liyarin da ya sha hannu zai iya raguwa da rabin giram ko kusa da haka. Idan ka ga giram 24 ko 25, ajiye shi.

Na biyu, maganaɗisu. Azurfa ba ta kama shi. In ya kama, zance ya ƙare. In bai kama ba, kada ka saki jiki, domin tagulla da dalma ma ba su kamawa.

Na uku, ƙara. Ɗora shi a kan ɗan yatsa ka ɗan taɓa gefensa da wani kuɗin. Azurfa na yin ƙara siririya mai jan lokaci. Dalma kuwa ƙwas take yi ta mutu nan take. Kada a buga shi da ƙasa ko dutse, ana ɓata shi.

Na huɗu, baki. A gefen liyari na gaske akwai rubutun boko da ado da suka taso a kewaye. Na jabu wanda aka zuba a kasko yakan zo da gefe sumul, ko da layin haɗi, jikinsa kuma da ƙananan ramuka kamar zanzana.

Na biyar, kwatanta. Riƙe guda ɗaya wanda ka tabbatar da shi a jakarka. Haɗa su fuska da fuska. Idan nauyi ya yi daidai amma kauri ya fi, an cika da wani ƙarfe ne.

LISSAFIN KUƊIN ƘARFE

Farashin azurfa na duniya da oza ake faɗar sa, oza ɗaya kuma giram 31.1 ce. Yana hawa yana sauka kullum. A Janairun 1980 ya kusa dalar Amurka 50 a kan oza, daga baya ya faɗo warwas, saboda haka a tambayi farashin ranar wajen maƙeran fari biyu ko uku kafin a yi magana.

Ga misali don koyo kawai. A ce giram ɗaya na zallar azurfa sefa 500 ne, wato dala 100. Liyari zai kama 23.4 sau 500, sefa 11,700. Dalar Faransa 22.5 sau 500, sefa 11,250. Fataka ta 1913 zuwa 1919, azurfarta kusan giram 10.5, sefa 5,250. Maƙeri ba zai ba ka wannan cif ba, sai ya cire ribarsa da asarar wuta. To, wannan shi ne ƙasan farashi. Duk abin da aka nema sama da shi, sai a kawo dalili.

ABIN DA KE ƊAGA DARAJA WAJEN MASU TARAWA

Ƙaranci shi ne kan gaba. Dalar Faransa ta 1873 mai harafin A, wato bugun Faris, an fitar da fiye da miliyan 27, don haka ba ta wuce kuɗin ƙarfe sai in sabuwa ce dal. Amma tamma 1 ta 1914 mai ɗan harafin C, wadda aka buga a wani ƙaramin gari a kudancin Faransa lokacin yaƙi, ba ta kai dubu 50 ba, kuma darajarta ta ninka ta sauran tammomi sau da yawa. Ka ga ƙaramar ta fi babbar. Shi ya sa ake duba shekara tare da harafin gidan bugu. A jikin sule da fataka akan ga H ko KN, alamar gidajen bugu biyu na Bamingam.

Sai lafiyar jiki. Masu tarawa na duba wuraren da suka fi tasowa: gashin kai, kumatu, da 'yan duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniya a liyari. In sun shafe, daraja ta sauka. Kuɗi iri ɗaya, shekara ɗaya, wanda bai sha hannu ba zai iya ninka shafaffe sau goma.

Sai tarihi. Masu bin hanyar Abeshe zuwa Darfur sukan ci karo da riyal na Omdurman, wanda aka buga zamanin Mahadi da Halifa Abdullahi, tsakanin 1885 da 1898. Na ƙarshe-ƙarshen zamanin Halifa kusan tagulla ne zalla, maƙeri ba zai kalle shi ba, amma masu tarawa na neman sa saboda tarihinsa. Irin wannan kada a yar, kada a narkar.

ABIN DA KE KASHE DARAJA

Huji, kunnen da aka liƙa da wuta don rataya, da gogewa. Yawancin kuɗin da matan Fulani da na Shuwa ke kitso da su an huda su ko an yi musu kunne, saboda haka sun koma kuɗin ƙarfe, ko kuma a sayar da abin adon gaba ɗaya yadda yake, wanda sau da yawa ya fi a warware shi. Game da gogewa, mu mun saba wanke kaya kafin kai shi kasuwa, amma a nan akasin haka ne. Baƙin da azurfa ke yi da tsufa masu tarawa na son sa. Toka, yashi, lemon tsami ko omo suna barin zane a jiki wanda ba ya gyaruwa. A bar shi yadda aka same shi, a naɗe kowanne daban cikin takarda ko ƙyalle busasshe, a riƙa kama shi ta gefe.

DOKA DA ADDINI

Mu masu ƙetare iyaka sai mu yi hattara. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta sa kuɗin da suka haura shekara 100 cikin kayan tarihi da ƙasa ke da ikon karewa, kuma a Nijeriya dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Kafin ka ɗauki tarin tsofaffin kuɗi ka bi ta kwastan, nemi bayani. Abin da aka tono daga kufai ko kabari kuwa, a nisance shi. Haka kuma a san mai kaya, domin adon mata na cikin abin da ɓarayin ruga ke kwashewa, kuma mai sayen kayan sata abokin ɓarawo ne.

Ta fuskar addini, nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato wajen liyari 26. Musayar azurfa da azurfa kuma sai nauyi ya yi daidai, hannu da hannu. A koma ga malamai don ƙarin bayani.

SHAWARAR ƘARSHE

In an kawo maka a matsayin cikon kuɗin dabba ko jingina, karɓa a kan nauyin azurfa kawai, a gaban shaidu, a rubuta adadi da nauyi. In ka hangi alamar na musamman ne, gaya wa mai shi gaskiya, ku nemi masani tare, a ji ta bakin mutum biyu kafin a sallama. Bafulatanin da ka faɗa wa gaskiya a kan liyarin uwarsa, shi ne zai kawo maka garkensa baɗi.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu a hanya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.